Suna Linzami Ne

Ya ku ɗalibai, aikina na farko a kowace sabuwar shekarar karatu shi ne kiran suna. Nakan buɗe rajista in kira, ku kuma ku amsa. Kusan shekara ashirin ke nan ina wannan aiki a Kumbashi da garuruwan da ke kewaye da ita a ƙasar Kontagora, kuma rajistar ajin nan ta koya mini abubuwan da ban karanta a jami'a ba.

Wata shekara, a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, na zo kan wani suna na kira: "Ajuji!" Nan take aji ya fashe da dariya, domin juji shi ne wurin da ake zubar da shara. Wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu a hankali, kansa a sunkuye. Da aka fita tara sai ya same ni a gindin bishiya, ya durƙusa ya ce, "Malam, don Allah a canza mini suna a rajista." Na ce, "Wa ya sa maka shi?" Ya ce, "Kakata." Na ce, "Saboda me?" Ya ce bai sani ba. Sai na ce masa, "Je ka tambaye ta. Idan ka dawo ranar Litinin kana nan a kan bakanka, sai mu kira mahaifinka mu yi shawara."

Ranar Litinin ya dawo da labari. Kafin a haife shi mahaifiyarsa ta haifi 'ya'ya uku, kowanne ya rasu kafin a yaye shi. Hausawa na kiran irin wannan rashi wabi. Da aka haife shi, kakarsa ta ɗauke shi ta ajiye a kan juji kamar ba a son sa, sannan wata tsohuwa ta ɗauko shi ta mayar wa uwarsa. Mutanen dā sun ɗauka cewa idan aka nuna ba a damu da jariri ba, mutuwa za ta ƙyale shi. Ya ce kakar tasa tana ba shi labarin tana share hawaye. Ashe sunan da aji ya yi wa dariya, sunan yaron da aka fi ƙauna ne a gidansu.

Ra'ayina a wannan darasi ya taso ne daga wannan rana. Wajibi ne kowannenku ya san ma'anar sunansa da dalilin da ya sa aka ba shi, ya riƙe shi ba tare da jin kunya ba, ya kuma girmama sunan ɗan'uwansa, ko da bakinsa bai saba da shi ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki don a juya shi, wato dai da suna ake juyo da mutum. Ni kuwa na ƙara da cewa linzamin nan yana ɗaure mutum da gidan da ya fito.

Yadda Bahaushe yake raɗa suna

Tunda Hausa kuke koyo, mu fara da Hausawa. Bayan kwana bakwai da haihuwa ake yin suna. Da sassafe maza sukan taru a ƙofar gida, a raba goro da dabino, a yanka rago, liman ya yi addu'a a bayyana sunan jariri, wanzami kuma ya yi masa aski. Sunan da aka bayar a wannan rana shi ne sunan yanka. A gidajen Musulmi yawanci sunan annabi ne ko na sahabi ko na wata mace mai daraja a addini, kamar Ibrahim, Abubakar, Maryam da A'isha. A gidajen Kirista kuma za ku ji Bitrus, Yohanna, Rifkatu da Saratu.

Bayan sunan yanka akwai laƙabi, wanda yawanci mata da kakanni ne suke sa shi, kuma shi ne yake ba da labarin haihuwar. Wani laƙabin yana nuna rana: Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi aka haife su, Talatu ranar Talata, Balarabe da Laraba ranar Laraba, Ɗanlami da Lami ranar Alhamis, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a, Ɗan'asabe da Asabe ranar Asabar. Wani yana nuna lokaci: Azumi a watan azumi ta zo, Sallau ranar salla, Nomau lokacin noma, Anaruwa kuwa ana tsakiyar ruwan sama. Wani kuma yana nuna matsayin yaro a gida. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza. Tagwaye su ne Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu shi ne Gambo, na ƙarshe a ɗaki kuma Auta. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Cindo da yatsa shida ya zo duniya.

Ku duba ku gani. A zamanin da babu takardar haihuwa, laƙabi shi ne takardar. Idan ka ji an kira dattijo Gambo, ka san akwai tagwaye a gidansu ko ba ka taɓa ganin su ba.

Tunani ɗaya, harsuna dabam

Wataƙila wani ya ce wannan al'adar ƙauye ce. To, bari mu leƙa wasu wurare. Mutanen Akan na ƙasar Gana suna kiran namijin da aka haifa ranar Juma'a Kofi, na ranar Asabar kuma Kwame. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, an haife shi ne a Kumasi ranar Juma'a, 8 ga Afrilu 1938. Da a Kontagora aka haife shi, da Ɗanjuma za a ce masa. Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, shi kuma Ɗan'asabe ke nan. Ibo suna da ranakun kasuwa huɗu, Eke, Orie, Afo da Nkwo, daga nan aka sami Okeke, Okorie, Okafor da Okonkwo. A Sifaniya akwai masu suna Domingo, kalmar da take nufin Lahadi, wato Ɗanladi.

Haka abin yake game da tagwaye. Yarabawa suna kiran wanda ya fara fitowa Taiwo, wato wanda ya ɗanɗano duniya, na biyun Kehinde, mai zuwa daga baya, wanda ya biyo bayansu kuma Idowu, wato Gambon Yarabawa. Sunan Toma, wanda Turawan Ingila ke cewa Thomas, asalin ma'anarsa ɗan tagwaye. Abiodun na Yarabawa da Noel na Faransawa duk a lokacin biki aka haife su, kamar Sallau. George daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa manomi, ɗan'uwan Nomau ke nan.

Akwai kuma sunayen lissafi. Idan Bahaushe ya sa wa 'ya'yansa maza da yawa Muhammadu, yakan bambanta su da ƙirgen Larabci: Awwal ko Lawal na farko, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, har zuwa Ashiru na goma. Fulani suna ce wa ɗan fari Dikko, na biyu Sambo. A Japan, Ichiro ɗa na farko ne, Jiro na biyu, Saburo na uku. Rumawan dā suna da Quintus, Sextus da Decimus, wato na biyar, na shida da na goma.

Ajuji ma yana da 'yan'uwa a duniya, domin babu ƙasar da uwa ba ta tsoron rasa ɗanta. Yarabawa suna sa wa ɗan wabi Malomo, wato kada ka sake tafiya. Ibo suna da Onwubiko, roƙo ne ga mutuwa cewa ta yi haƙuri. A can Mongoliya, tsakanin Rasha da Sin, akwai masu suna Nergui, ma'ana marar suna, da Enebish, ma'ana ba wannan ba ne, duk don a ɓatar da abin da ake tsoro ya zo ya ɗauke yaron. Kakar Ajuji ba ta taɓa jin sunan Mongoliya ba, amma zuciyarta da ta tsohuwar can abu ɗaya suka yi tunani. Saboda haka wanda ya raina Ɗanladi ya girmama Domingo bai san abin da yake faɗa ba.

Suna ma yana tafiya

Wasu sunayen sun yi doguwar tafiya kafin su iso gare mu, kuma kowane harshe yakan gyara su daidai da bakin masu shi. Yusufu na Hausa shi ne Joseph a Ingila, José a Sifaniya, Giuseppe a Italiya. Asalinsa daga Ibrananci ne, ma'anarsa Allah ya ƙara. Yohanna shi ne John, shi ne Jean a Faransa, shi ne Ivan a Rasha. Bitrus shi ne Peter da Pierre da Pedro, daga kalmar Girka mai nufin dutse. Hausawa ma sun yi wa sunayen Larabci irin wannan gyara. Abdullahi ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman, Khadija ta zama Dije, Maryam ta zama Mairo. Wasu kuma an haɗa su da laƙabin da ba ya rabuwa da su: Abubakar shi ne Garba, Usman shi ne Shehu, Umaru shi ne Sanda, Hauwa ita ce Kulu, A'isha ita ce Indo. Ya kamata mai koyon Hausa ya san waɗannan, don kada ya zaci Garba da Abubakar mutum biyu ne.

Suna yana kuma adana tarihi. Wanda ya kafa masarautar Kontagora shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kuma mai da Kontagora mazauninsa a 1864. Ku raba laƙabinsa biyu: na Gwamatse. Gwamatse gari ne a ƙasar Sakkwato inda ya zauna kafin ya yo kudu, sai sunan garin ya bi shi har kabari, ya bi zuriyarsa. Sunan Kontagora ma, bisa ga labarin da aka gada, daga "kwanta gora" ya samo asali, wato a ajiye gorunan ruwa, tafiya ta ƙare. A zamanin Turawa kuma ɗaliban makarantun boko da yawa sun ɗauki sunan garinsu ya zama sunansu na biyu. Haka aka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari wanda ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da Bello Kagara marubucin Ganɗoki, yayan Abubakar Imam, wanda garinsu Kagara yake nan cikin Jihar Neja.

Kunya iri biyu

A nan nake so ku natsu. Kalmar kunya tana da fuska biyu a Hausa. Akwai kunyar girmamawa, wadda ake kira alkunya. Ita ce take hana mace kiran sunan mijinta, take hana iyaye kiran sunan ɗansu na fari. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, uwar ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, sai ta ce Abba ko Baba, idan kuma yarinya ce mai sunan kakarta sai a ce Ummi ko Inna. A irin wannan kunya ana ɓoye suna ne saboda ya yi nauyi a baki.

Kunya ta biyu ita ce ta raina kai, kuma ita ce take damuna. Ƙasarmu ta harsuna da yawa ce. A Kumbashi akwai Acifawa, masu harshen da suke kira Cicipu, a kewaye kuma akwai Kambari, Dakarkari, Kamukawa, Fulani da Hausawa. Amma idan na buɗe rajista, sunayen da suka fito daga waɗannan harsuna kaɗan nake gani. Sau da yawa sai na kai ziyara gidan ɗalibi in ji kakarsa ta kira shi da wani suna dabam. Idan na tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan sunan gida ne." Yana nufin sunan da bai isa ya shiga makaranta ba. Su ma Hausawan, Tanko da Kande da Nomau sun fara ƙaranci a cikin yara, domin ana ganin su tamkar tsohon yayi.

Wannan ba sabon abu ba ne a Afirka. Nelson Mandela, wanda ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, sunan da mahaifinsa ya sa masa shi ne Rolihlahla. Ranar da ya fara zuwa makaranta malamarsa ta ba shi sunan Turawa, Nelson, kamar yadda ake yi wa yara a lokacin. Duk da haka mutanensa ba su daina kiran sa Madiba ba, sunan zuriyarsu. Marubucin nan Chinua Achebe kuma da Albert aka yi masa baftisma, amma da ya girma ya ajiye shi ya riƙe Chinua.

Ni malamin Hausa ne, kuma da koyar da ita nake ci da iyalina. Ina so ku iya ta sosai, domin da ita za ku yi ciniki daga nan har Agadas. Amma ban yarda kuɗin koyon Hausa ya zama sunan da kakarku ta sa muku ba. Idan harshe zai mutu, sunayensa suna cikin abubuwan da suke fara ɓacewa, domin yaron da ba a kira shi da harshen gidansu ba da wuya ya kira nasa ɗan da shi.

Abin da masu wani ra'ayi suke cewa

Akwai masu ja da ni, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa addini ya umarci iyaye su zaɓa wa 'ya'yansu suna mai kyau. Gaskiya ne. Littattafan hadisi sun nuna cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wasu mutane sunaye masu mummunar ma'ana, a Littafi Mai Tsarki kuma Abram ya koma Ibrahim. Amsata ita ce Hausawa sun daɗe da warware wannan matsala, sun ba yaro sunan yanka sun kuma ba shi laƙabi, kowanne da aikinsa. Sunayen gargajiya da yawa ma yabon Allah ne, kamar Chukwuemeka na Ibo, wato Allah ya yi babban abu, da sunayen Gbagyi masu farawa da Shekwo, da na Tibi masu farawa da Aondo, kalmomin da suke nufin Allah.

Na biyu suna cewa sunaye irin su Ajuji camfi ne. Ni ma ban yarda juji yana korar mutuwa ba. Abin da yake raya jarirai, da yardar Allah, shi ne rigakafi da ruwa mai tsabta da zuwa asibiti a kan lokaci. Amma ba sai ka yarda da camfin ba kafin ka girmama hawayen matar da ta binne 'ya'ya uku.

Na uku suna cewa akwai wuraren da suna yake jawo wa mutum wariya, a hana shi aiki ko hayar ɗaki saboda an gane ƙabilarsa ko addininsa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba na zargin wanda ya ɓoye sunansa don ya tsira da kansa. Laifin yana kan mai nuna wariyar. Shi ya sa rabin wannan darasi yake kan yadda kuke karɓar sunan wani. Wariyar da babba yake yi a ofis, da dariyar aji ɗaya take farawa. Haka kuma idan mutum ya girma ya ga sunansa yana cutar da shi, yana da 'yancin canzawa. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya san abin da zai ajiye kafin ya ajiye shi.

Abin da nake so ku yi

Da farko ku tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Ku sami kaka ko gwaggo ko kawu tun suna raye, ku ce, wa ya sa mini suna, mece ce ma'anarsa, me ya faru a lokacin? Ku rubuta amsar a littafi. Na biyu, ku koyi kiran sunan abokinku yadda mutanen gidansu suke kiran sa. Bakin da ya iya kiran sunayen 'yan ƙwallon Turai ba zai gaza kiran sunan maƙwabcinsa ba. Na uku, ku tsayar da rubutun sunanku tun yanzu, da haruffansa da jerinsa. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Idan sunan da ke katinku ya saɓa da na takardun jarrabawarku, za ku sha wahalar gyara, wani lokacin har a rasa shekara guda. Ku zauna da iyayenku ku yanke shawarar sunayen da za su shiga takarda, kuma ina ba ku shawara sunan gida ya sami wuri a ciki.

Shi kuwa yaron da na ba ku labarinsa, da ya gama bayani na tambaye shi ko in aika a kira mahaifinsa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, a bar shi. Amma a ƙara sunana na yanka a gaba." Haka aka yi. Da izininsa na ba ajin labarin, kuma daga ranar ban sake jin dariya ba idan na zo kan sunansa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sunan yanka da laƙabi?
2. Kawo sunaye uku na Hausa da takwarorinsu a wasu harsuna.
3. Bayyana kunya iri biyu da marubucin ya ambata.
4. A cikin hujjoji uku na masu ja da marubucin, wacce ka fi yarda da ita? Kawo dalili.
5. Rubuta sakin layi biyu da Hausa a kan ma'anar sunanka da dalilin da ya sa aka ba ka shi.